Entropi ba hargitsi ba ne

Kwanan nan duk inda ka juya sai ka ji "entropi". Mai sharhi a rediyo ya ce entropi ta kama harkar wutar lantarki, wani a Facebook ya ce siyasar jiharsu ta faɗa cikin entropi. Abin da suke nufi bai wuce rikici ko taɓarɓarewa ba, kalmomin da muke da su tun kaka da kakanni. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne wani da na ji yana cewa wai kimiyya ta tabbatar komai sai ya lalace, don haka kada a ga laifin kowa in famfo ya ƙafe. An dai naɗa wa sakaci rawani ke nan.

Wani Bajamushe, Rudolf Clausius, ya ƙirƙiro kalmar a 1865 daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar juyi ko sauyi. Ba ruwansa da siyasa. Yana bin sawun Sadi Carnot ne, Bafaranshen da ya yi nazarin injin tururi a 1824, kuma tambayarsu ɗaya ce: me ya sa ba a iya mayar da dukkan zafin da aka zuba wa inji ya zama aiki? Clausius ya taƙaita amsar da cewa makamashin da ke cikin halitta ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, amma entropinta kullum hauhawa take yi.

Mu je teburin mai shayi. Ya zuba ruwan zafi, ya tsiyaya madara. A daƙiƙar farko kofin nan a hargitse yake, fari nan, baƙi can, madara na murɗawa kamar hayaƙi. Sai ya ɗaga hannu sama ya shiga sheƙawa daga kofi zuwa kofi, ya miƙo maka shayi launi ɗaya, sumul, ba inda ya fi wani wuri. Tambayi mai sharhin rediyo wanne ne ya fi entropi, zai nuna maka na farko, domin shi ne mai kama da rikici. Ya faɗi. Na biyun ne, wanda ido ke gani a natse. Kuma ko mai shayin zai kwana yana sheƙawa, madarar ba za ta koma gwangwani ba, zafin da ya bi iska ba zai dawo kofi ba.

Ludwig Boltzmann na Ostiriya ne ya gano dalili, kuma dalilin ƙidaya ce kawai. Watsa kuɗin wuri guda goma a tabarma, kowanne ko ya faɗi a kife ko a buɗe. Hanyoyin da za su iya faɗuwa 1,024 ne. Hanya ɗaya tak ce za ta ba ka duka goma a kife, amma hanyoyi 252 ne za su ba ka biyar a kife biyar a buɗe. To, kofin shayi ba ƙwayoyi goma ke cikinsa ba, adadinsu ya wuce abin da baki zai faɗa, kuma hanyoyin da za su gauraye sun ninka hanyoyin da za su ware har kwatanci ya gaza. Entropi awon yawan waɗannan hanyoyi ne. Babu mugunta a cikinta, babu wani ƙarfi da ke bin abubuwa yana rusawa. An sassaƙa lissafin nan, S = k log W, inda S ke nufin entropi, W kuma yawan hanyoyin, a kan kabarin Boltzmann a birnin Biyana. Ni dai a ganina ya fi waƙoƙi da yawa kyau.

Akwai kuma sharaɗin da masu aron kalmar ke tsallakewa. Dokar hauhawar entropi tana magana ne a kan abin da aka killace, wanda makamashi ba ya shiga ba ya fita. Randa tana sanyaya ruwa a tsakiyar bazara, domin raɓar da ke tsattsafowa ta jikinta tana bushewa ta kwashe zafi ta kai wa iska. Entropin ruwan ya ragu, na iskar ɗakin ya ƙaru fiye da haka, lissafi ya daidaita. Taɓa bayan firji ka ji inda zafin ke zuwa. Ita ma ƙasar da muke kai ba a killace take ba, rana na kwararo mata haske dare da rana, shi ya sa ƙwayar gero ke zama zangarniya. Gari ma haka, ma'aikata ma haka. Duk abin da ake zuba wa aiki yana iya zama cikin tsari.

Sai batun ƙarshen halitta, inda kalmar ta fi cin kasuwa. William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya rubuta a 1852 cewa makamashi mai amfani kullum tsiyayewa yake yi. Daga nan aka samo abin da ake fassara mana da "mutuwar zafi", har wasu ke zaton komai zai kama da wuta. Akasin haka ne. Inji ba ya juyawa sai da wuri mai zafi da wuri mai sanyi, rai ma haka. Ranar da ko'ina ya zama zafi ɗaya, aiki ya tsaya, kamar shayin da ya huce ya yi daidai da iskar ɗaki. Tun 1998 masu nazarin taurari suka gano cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi. In ta ɗore a haka, taurari za su cinye makamashinsu su mutu, baƙaƙen ramukan da ke haɗiye haske su ma su tsiyaye sannu a hankali kamar yadda Stephen Hawking ya lissafa a 1974, a bar duhu da sanyin da ya doshi digiri 273 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Wannan hasashen lissafi ne a kan zafi da sanyi. Ba tafsirin tashin alƙiyama ba ne, kada a haɗa su.

Halitta ta kai shekara biliyan 13.8, rana kuma tana da sauran kimanin shekara biliyan 5 tana ci. Famfon unguwarmu bara ya ƙafe, kuma bawul ɗaya ne ya lalace ba a canza ba.