Salsala, silsila, nasaba: ga amsa, a bar ni in huta

Tun da na zana salsalar gidanmu na kafe ta a zaure a cikin birnin Zariya ban rabu da tambaya ba, kuma kullum iri ɗaya.

Mece ce salsala?

Wane ya haifi wane, daga kai har inda sani ya ƙare. Takardar da aka zana da rassa ma haka ake kiranta.

Ita ce silsila?

Tushensu ɗaya, kalmar Larabci mai nufin sarƙa. Amma a bakin 'yan ɗariƙa silsila ta izini ce: muƙaddamin da ya ba ka wuridi, da wanda ya ba shi, har zuwa Shehu Ahmadu Tijjani ko Abdulƙadir Jilani. Babu maganar jini a ciki.

To “salsalar rigimar” fa?

Mafarinta. Rigima ba ta da kaka. Haka nasaba: jiya dangantakar jini, yau a rediyo komai “yana da nasaba” da wani abu.

Jerin sarakunan Zazzau salsala ne?

A'a, kuma a nan ɗalibai ke ba ni haushi. Gida huɗu ke sarauta: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Shehu Idris, wanda ya yi mulki daga 1975 zuwa 2020, na Katsinawa ne; Ahmad Nuhu Bamalli da ya gaje shi na Mallawa. Ka ja layi tsakaninsu kamar uba da ɗa, ka yi kwaɓa.

Gidanmu babba ne, yaya zan zana ba tare da na ɓata wa kowa ba?

To, a nan ne gizo ke saƙar. Ni dai ta wajen uba na bi, na ware kowane ɗaki ƙarƙashin sunan uwa, har matan da suka fita, don 'ya'yansu suna nan. Wani gidan ba sa son sunan mace a zaure. In haka ne, yi biyu, cikakkiyar ta zauna cikin gida. Ɗan riƙo da agola ka rubuta su ƙarƙashin iyayen da suka haife su, amma ka fara zama da manya, domin akwai wanda ya girma bai san riƙonsa aka yi ba, kuma bai kamata bango ya gaya masa ba. 'Yan'uwan shayarwa na sa musu alama daban saboda aure. Sai sunaye: mai sunan kaka Abba ko Baffa ake ce masa har sunan yanka ya ɓace, uwa kuwa ba za ta faɗi sunan ɗan fari ba. Tambayi gwaggo. Kada ka damu in ka tsaya a kaka na huɗu, yawancinmu nan muka tsaya. Ranar rabon gado kuma takardarka tana iya taimakawa wajen tuni, amma alƙali shaidu zai nema.

An ce mu Sharifai ne, in rubuta?

Wa ya ce? Kawo sunayen da ke tsakani tukuna.