Auna Aikin Ƙwaƙwalwa Wajen Zaburar da Ita da Altarasawun

Zaburar da ƙwaƙwalwa da altarasawun hanya ce ta aika sautin da kunnen ɗan Adam ba ya ji ta cikin ƙoƙon kai, a tattara shi a wuri mai faɗin 'yan milimita, domin ƙara ko rage aikin ƙwayoyin jijiyar da ke wurin ba tare da tiyata ba. Jin mutum yana tsayawa a kan sautin da ke karkarwa kusan sau 20,000 a daƙiƙa, shi kuwa wanda ake wannan aiki da shi yakan kai wajen sau 500,000. Ƙarfinsa kaɗan ne, saboda haka ya bambanta da sauti mai zafi da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 2016 don ƙona ɗan yanki a ƙwaƙwalwar masu ciwon rawar hannu.

Babbar matsalar hanyar ita ce ƙashin kai, wanda ke shanye wani kaso na sautin ya kuma karkatar da sauran, ga shi kaurinsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Galibi wanda ake yi wa aikin ba ya iya faɗin inda sautin ya sauka, shi ya sa dole a auna martanin ƙwaƙwalwar kanta. Tun a 1958, William Fry da abokan aikinsa a Jami'ar Illinois sun nuna cewa sautin yana rage martanin da ƙwaƙwalwar kyanwa ke bayarwa ga haske, sannan martanin ya dawo daga baya. A 2014 ne Wynn Legon da William Tyler da tawagarsu suka ga irin wannan ragi a jikin mutane, a yankin da ke kula da jin taɓi.

Na'urar EEG, wadda ke ɗaukar wutar ƙwaƙwalwa daga fatar kai, tana kama sauyi cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, sai dai ba ta iya nuna takamaiman wurin da ya fito, musamman idan yana da zurfi. Hoton fMRI kuwa yana bin sauyin iskar oksijin a jini, yana kuma kaiwa can ciki, amma yakan makara da daƙiƙa huɗu zuwa shida. Da shi ne masu bincike a Jami'ar Oxford suka nuna a 2019 cewa zaburarwa ta daƙiƙa 40 a ƙwaƙwalwar birai ta bar tasiri fiye da sa'a ɗaya.

Awo ma yana iya yaudarar mai shi. A 2018, bincike biyu da aka yi a kan dabbobi suka gano cewa kunna sautin da kashe shi a jere yana haifar da ƙarar da ke isa kunnen ciki, har ƙwaƙwalwa ta ba da martanin da za a ɗauka na zaburarwa ne. Wannan gyara ne mai muhimmanci, kuma ya sa ana sassauta farawa da ƙarewar kowane bugu, ana rufe ƙarar da wani sauti, ana kuma gwada sakamakon da na zaburarwar bogi, wato wadda ake kwaikwayon aikin ba tare da sautin ya isa wurin da ake nufi ba.

Abin da ake nema yanzu shi ne na'ura ta riƙa karanta EEG tana sakin sautin a daidai lokacin da ake buƙata, kamar farkon tashin farfaɗiya. An gwada hakan a kan ɓeraye, amma a wajen mutane har yanzu yana matakin bincike.