Ɗan Jemage: Haihuwa da Girma

Jemage dabba ce mai shayarwa, ba ta ƙwai kamar tsuntsaye. Yawancin jinsuna ɗa guda suke haifa a shekara, sai kaɗan irin jan jemagen Arewacin Amurka da kan haifi uku ko huɗu. Jaririn kan kai kusan rubu'in nauyin uwarsa, wani lokaci ma ya ɗara.

Haihuwa

A jinsuna da dama uwa kan juyo kanta sama lokacin naƙuda, ta tare jaririn da fatar da ke tsakanin ƙafafunta. Ƙananan jemagu masu cin ƙwari ana haifarsu ba gashi, ido a rufe. 'Ya'yan masu cin 'ya'yan itace kuwa da gashinsu suke zuwa. Fukafuki ba su ƙosa ba, amma ƙafafu da farata sun kusa kai na babba, ga haƙoran nono masu lanƙwasa da yake cafke kan nonon da ke kusa da hammatar uwa. Da waɗannan yake manne ko tana tashi.

Raino

Wani sanannen wurin raino shi ne kogon Bracken da ke jihar Texas a Amurka, inda miliyoyin uwaye ke taruwa da bazara. Suna barin 'ya'yan a cunkushe jikin rufin kogo, dubbai a murabba'in mita ɗaya, ɗumin juna na taimaka musu girma. An daɗe ana zaton duk jaririn da ya cafke nono shi uwa ke shayarwa. A 1984 masanin jemagu Gary McCracken ya nuna cewa galibi nata take ba wa. Takan tuna inda ta aje shi, ta gane kukansa, ta tabbatar da ƙanshinsa. Abin mamaki ne a cikin wannan duhu da hayaniya.

Jemagen Masar kuwa goya ɗanta take yi makonnin farko, daga baya ta riƙa aje shi a wata bishiya ta tafi kiwo, har ya koyi hanyar zuwa can shi kaɗai.

Tashi da yaye

Ƙananan jinsuna kan fara tashi tsakanin mako uku zuwa biyar, manya sai wata biyu ko uku. Ba a yaye su sai fukafuki sun kusa cika. Da yawa ba sa kai shekara, musamman a lokacin koyon tashi.

A 2021 an wallafa binciken da ya gano cewa 'ya'yan wani jinsi a Panama da Kosta Rika suna gwalantu kamar jariran mutane kafin su iya kukan manya.