Allurar zafin mota ta ƙi tashi: ga amsa, a daina tambayata ɗaya bayan ɗaya

Injin da ba ya zafi ai lafiyarsa ƙalau, ko?

A'a. An ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In kullum allura na kwance a ƙasa, akwai matsala.

Me ke jawowa?

Galibi tamostat ne, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwan injin kada ya wuce lagireto sai injin ya ɗumama: ko ya maƙale a buɗe, ko an cire shi an jefar. Sai fankar da aka haɗa kai tsaye, tana juyawa da zarar an murza makulli.

Bakanikena ya ce tamostat na ƙasar Turawa ne, mu nan ba ma buƙatarsa.

Wannan maganar ta ishe ni, wallahi. Ku sayi mota 'yar Kwatano, ranar farko ku sa a cire mata shi, sannan ku dawo kuna kukan tana shan mai. Yaya ba za ta sha ba? Ƙwaƙwalwar mota na ganin injin bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara fetur. Filogi ya yi baƙi, fetur ya gangara ya tsinka baƙin mai, injin ya ci kansa a hankali.

To in na mayar da shi, motar ba za ta tafasa ba a zafin Afrilu?

Nan kam ba zan yi maka alkawari ba, Alhaji, sai na san abin da ya sa aka cire shi tun farko. In don al'ada ce kawai, mayar da shi, ka kwantar da hankalinka; tamostat mai kyau yana buɗewa gaba ɗaya in zafi ya kai. Amma sau da yawa wani ciwo aka rufe da cirewar: lagireto ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya, ko famfon ruwa ya gaji, ko gasket ya fara ƙonewa. In haka ne, kana mayarwa ciwon zai fito fili, kuma ba laifin tamostat ba ne. A wanke lagireto tukuna, a mayar da fanka kan na'urarta, a zuba ruwan injin na gaske, a fitar da iska. Sati guda ka sa wa allurar ido, musamman a cunkoso da AC a kunne. In ta haura rabi tana ci gaba, tsaya ka kashe.

Ko allurar ce ke ƙarya?

Mai yiwuwa. A saka kwamfuta a karanta zafin. In ta nuna lambar matsala P0128, tamostat ake fara zargi.

Zan iya gwadawa a gida?

Da sassafe ka tayar, ka taɓa tiyon sama na lagireto, hannunka nesa da fanka. Ya kamata ya zauna da sanyi na ɗan lokaci, sannan ya ɗau zafi farat ɗaya. In tun farko yake ɗumi a hankali, ruwa na wucewa ba mai tare shi, wato tamostat ya maƙale a buɗe ko babu shi. Kuma don Allah kar ka buɗe murfin lagireto injin na da zafi.