Ƙorama ɗaya, garin hatsi da dalma: tambayoyi kan tsohon yankin ma'adinai na Derbyshire

A ina yankin yake, kuma tun yaushe ake haƙar dalma a cikinsa?

Derbyshire yanki ne na tuddai da kwaruruka a tsakiyar Ingila, kuma tun zamanin mulkin Rumawa ake fitar da dalma daga duwatsunsa. A babban kundin ƙidayar dukiyar ƙasa na shekarar 1086 an rubuta cewa garin Wirksworth kaɗai yana da wuraren sarrafa dalma uku. Kundin ya kuma lissafa gidajen niƙa masu aiki da ruwa fiye da 5,000 a faɗin Ingila.

Yaya ruwa yake niƙa hatsi?

Akan tare ƙorama da 'yar madatsa, a ja ruwan ta magudana har ya zubo a kan babban wili na katako. Nauyin ruwan ne ke juya wilin, shi kuma ya juya dutsen niƙa na sama, yayin da na ƙasa yake zaune daram. Hatsi na zurarowa ta ramin da ke tsakiyar dutsen, gari kuma na fita ta gefe. Hatsin nan ba masara ba ce. Alkama ce da sha'ir, sai kuma hatsin ots mai jure sanyin kan tudu, wanda da garinsa ake yi wa mahaƙa waina. Har yau a gindin tsaunukan da ke kusa da Hathersage ana ganin duwatsun niƙa da aka sassaƙe aka bari a cikin ciyawa, ba a sami mai saye ba.

To, me ya haɗa ruwa da narkar da dalma?

Iska ce ta haɗa su. Da farko a kan tudu ake narkar da dalma: a jera itace, a ɗora duwatsun ma'adinin a kai, a zauna jiran iskar yamma ta taso ta hura wutar. Idan iska ta ƙi, aiki ya tsaya, shi ya sa har yanzu tuddai da dama a yankin ke amsa sunan Bole Hill, wato tudun murhu. A wajen shekarun 1570 wani mai suna William Humfrey ya kawo ƙaramin murhu mai zuga-zugi, ba a jima ba aka haɗa shi da wilin ruwa. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yaro yana danna wannan fata yana saki waccan domin kada iska ta yanke, ya fahimci dabarar, sai dai a nan ƙorama ce ke yin zugar, kuma ba ta gajiya. A ganina wannan ne babban sauyi a tarihin yankin, domin ya sauko da masu narka daga kan tudu zuwa cikin kwari, inda suka tarar da mai niƙa ya riga su kama bakin ruwa. A kwarin Lumsdale kusa da Matlock, ƙorama guda ta yi wa niƙan hatsi da aikin dalma da wasu sana'o'i hidima, kowa na amfani da ruwan da na samansa ya saki.

Me ya raba masu narka dalma da bakin ruwa?

Kwal. A shekarun 1730 aka shigo da murhu mai ƙona kwal, mai dogon bututun hayaƙi wanda ke jan iska da kansa, bai buƙatar zuga-zugi. Daga baya dalmar ƙasashen waje ta karya farashi, kuma mahaƙar Millclose, babba ta ƙarshe, ta rufe a 1940.

Shin hayaƙin bai cutar da mutane ba?

Ya cutar ƙwarai. Ƙurar dalma kan sauka a kan ciyawa, dawakai da shanu su ci su mutu, har manoman yankin suna da kalma ta musamman, belland, ga ƙasar da gubar ta ɓata. Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙon wannan masifa ba ne. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, an riƙa niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma da injinan niƙa a cikin gari, ƙurar ta bi tsakar gidaje inda yara ke rarrafe, kuma yara fiye da 400 suka rasu.