Harshen Katu: Tambayoyi Kan Wani Harshe Mai Ɓ da Ɗ a Duwatsun Biyetnam

Wane harshe ne Katu, kuma a ina masu shi suke?

Harshen wata al'umma ce da ke zaune a kan duwatsun da suka raba tsakiyar Biyetnam da kudancin Lawos. A ɓangaren Biyetnam ana samun su a tsaunukan yamma da biranen Da Nang da Hue, inda ƙidayar 2019 ta nuna sun haura dubu 74. A Lawos kuwa yawancinsu a lardin Sekong suke. Harshen ɗan babban gidan nan ne na Ostiro-Eshiyatik, gidan da ya haifi Kimar na Kambodiya da shi kansa Biyetnamanci. Sunansa ne ma aka laƙaba wa ƙaramin reshen da ya haɗa shi da Bru, Pako, Ta'oi da Kuy.

Da gaske ne yana da sautukan da Bahaushe ya sani?

Gaskiya ne. Katu yana da haɗiyau, wato irin su ɓ da ɗ, har da na uku da ake furtawa a ganɗa, wanda ya yi kusa da 'y ɗinmu ta 'ya'ya. Ruwa a harshensu ɗaak ne. Bature sai ya yi ta fama kafin ya fitar da wannan ɗ, Bahaushe kuwa tun yana goye ya san bambancin da da ɗa, ko bata da ɓata. Kada dai a ɗauka dangantaka ce, domin Hausa da Katu ba su haɗa kaka ba ko kusa. Maƙogwaron ɗan Adam ne iri ɗaya. Tunkuɗau irin su ƙ da ts kuwa babu su a Katu.

To me ya sa masana suke ba shi muhimmanci haka?

Saboda ya riƙe tsofaffin baƙaƙen da 'yan'uwansa suka zubar. Ɗauki sautukan leɓe kawai: yana da p zalla, da p mai fitowa da hucin iska, da b, sannan ga ɓ. Huɗu ke nan a wuri guda, kuma haka abin yake ga t da d da ɗ. A Bru da Kuy tsohuwar b ta koma p, d ta koma t, sai bambancin ya tare a kan wasali: wata kalma a faɗe ta da murya garau, wata da murya mai shaƙewa da iska. Katu bai bi wannan hanya ba. Shi ya sa masu bin diddigin asalin reshen, irin su Paul Sidwell, suke komawa gare shi idan suna son sanin yadda baƙaƙen kakan harsunan suke.

Yana da karin sauti irin na Hausa?

Babu. Mu kam hawa da saukar murya ne ke raba kukan yaro da kukar miya. Biyetnamancin Hanoi yana da kari har shida, kuma tun 1954 masanin Faransa André Haudricourt ya nuna cewa sun samu ne bayan harshen ya yi asarar wasu baƙaƙen ƙarshen kalma da bambancin masu ziza da marasa ziza, kamar b da p, a farkonta. Katu bai rasa waɗannan baƙaƙe ba, don haka bai buƙaci kari ya maye gurbinsu ba.

Wasula fa?

Nan ne Bahaushe zai yi gumi. Mu biyar gare mu, kowanne da dogo da gajere, kamar garin da ake zama da garin tuwo. Su ma suna raba dogo da gajere, sai dai ainihin wasulan nasu sun ninka namu, ga tagwayen wasula, irin ai da au namu, a kai. Akwai wanda ake yi kamar za a ce u amma ba a tattara leɓe ba.

Yaya ginin kalma yake?

Kalma ko dai gaɓa ɗaya ce, ko kuma abin da masana ke kira gaɓa ɗaya da rabi: 'yar guntuwar gaɓa da ake wucewa da sauri, sai babba mai ɗauke da nauyi a ƙarshe. Sunan Katu kansa haka yake, ka ɗin a taƙaice, ƙarfin yana kan tu. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, nasu kuwa da yawa baƙi ne ke rufe su: p, t, k, hamza, h, 'yan hanci irin su m da n, r da l. Babban zauren taron da ke tsakiyar ƙauyukansu ana kiransa gươl, kuma wannan l ta ƙarshe Biyetnamanci ba ya ajiye irinta a wutsiyar kalma.

Da wane rubutu ake rubuta shi?

Iyaka ce ta raba. A Biyetnam da haruffan boko, bisa tsarin rubutun ƙasar, inda ruwan nan ɗaak yake fitowa a matsayin đác. A Lawos kuma da haruffan Lawo.