Mushen Kaji a Bola Shi Ke Kiran Dila da Yanyawa

Tun shigowar hunturun nan, kusan duk ƙauyen da na je aikin duba dabbobi kuka ɗaya ake tare ni da shi, wai dila da yanyawa sun addabi kaji, har cikin gari suke shigowa da daddare. Ni kuwa sai in ce a raka ni bola. Abin da nake tararwa ba ya sauyawa: mushen kajin da annoba ta kashe, da kayan cikin akuya, an watsar a fili ko ƙasa ba a tura musu ba.

Jama'a, ku ne kuke kiransu. Yanyawa dabba ce mai gudun mutane, tana wuni a ramin da ta haƙa cikin rairayi, sai dare ya yi ta fito neman ɓera da fara da ƙadangare, kuma da wannan farautar tata manomi ma yana amfana. Amma ranar da ta gane akwai nama a bayan katanga, ta daina wahalar daji, kuma daga bola akurki za ta nufa.

Na san zafin asarar kaji, musamman ga iyayenmu mata da kiwon nan ne jarinsu, sai dai ba ita ce ta fi tayar mini da hankali ba. A kan mushen nan karnukan gari suke haɗuwa da dila su yi ta cizon juna, ciwon haukan kare kuwa ta yawu yake bi. Gari na wayewa karen ya koma gida, yara su hau wasa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi da ciwon take ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamominsa sun bayyana da wuya mutum ya tashi. Duk da haka, jiya na faɗa, yau na sake ganin yaro riƙe da matacciyar kaza an aike shi bola. Haba!

Don Allah, kaza ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne ta, ko a ƙone. A rufe akurki kafin magariba, a yi wa karnuka rigakafi duk shekara, a hana yara tono ramin yanyawa. In an yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, ko da ciwon bai wuce ƙwarzane ba.